Rumfa Ta Cika, Akwati Wayam



Kwanakin baya mun halarci walimar wani yaro a unguwarmu. Ya gama babbar sakandare, ya ci jarrabawar WASSCE da sakamakon da ya faranta ran kowa, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi kuma ta ba shi gurbin karatun injiniya. An tare layi tun da hantsi, an kafa rumfuna uku, an jera kujerun haya, mata sun fito cikin anko kamar ranar ɗaurin aure. An ci wake da shinkafa, an sha lamurje da zoɓo, lasifika kuwa ba ta huta ba sai da ladan ya kira magariba. Da aka zo miƙa kyaututtuka muna tsaye kusa, mun ƙirga da idonmu: kwalaben turare biyar, shadda kala uku, agogon hannu biyu, hotonsa cikin ƙaton firam mai ruwan zinariya, darduma shida, da wani dami na takardun sidi da aka nannaɗe kamar furanni domin a ɗauki hoto da shi.

Bayan mako uku muka ga mahaifiyar yaron tana bi gida gida bayan sallar isha'i, tana neman rancen kuɗin ɗakin kwana. Gidajen da take ƙwanƙwasawa su ne gidajen da suka ɗinka ankon. Kowa ya ba ta haƙuri, kuma ba ƙarya suka yi mata ba, domin abin da ke hannunsu ya riga ya tafi wurin tela da mai hoto.

Ba mu kawo wannan labari don mu tona asirin kowa ba. Mu ma muna cikin rumfar, mun ci, mun tafa, ɗaya daga cikin kwalaben turaren nan ma daga hannunmu ta fito. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kyautar da ake ba yaron da zai tafi jami'a guzuri ce, shi kuwa guzuri da tsawon hanya ake auna shi. Wanda zai saya wa ɗalibi wani abu, ya fara tambayar kansa: a wata na uku da tafiyarsa, lokacin da kuɗin aljihu ya ƙare, aka shiga jarrabawar tsakiyar zango, mahaifinsa kuma ya ce a yi haƙuri sai kasuwa ta buɗe, wannan abin da na ba shi zai amfane shi da me? Da mun yi wa kanmu wannan tambaya, da rabin abin da aka tara a kan teburin nan bai baro kanti ba.

Abin kunyar shi ne, duk faɗin Gana babu al'ummar da ta kamata ta fi mu sanin guzuri. Sunan da ake kiranmu da shi ma na matafiya ne, domin zango wurin da ayari ke sauka ne ya kwana, gobe ya ɗaura kaya ya wuce. Kakanninmu fatake ne da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka yi watanni a hanya kafin su iso Salaga da ƙasar Gwanja neman goro. Madugu ba ya barin ayari ya tashi sai ya duba mangala da igiya da salkar ruwa, ya san abin da mutane za su ci da abin da jakuna za su ci, ya kuma san gidan wa za a sauka a kowane gari. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenmu suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara, kowa da abin da zai iya rayuwa da shi a baƙon wuri. Malamanmu ma haka suka yi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934, da tafiya ya tara ilminsa. Waɗannan mutane sun san bambancin kayan hanya da kayan ado. Jikokinsu ne yau suke sallamar matafiyi da firam ɗin hoto.

Sai dai mu yi wa kanmu adalci, domin akwai dalilin da ya sa muka ɓata. Mun shiga karatun boko a makare. Iyayenmu sun ji tsoron makarantun mishan, kuma tsoron nasu yana da tushe. Sai da aka kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa a 1987 gidaje da yawa suka saki jiki, sannan da aka mayar da babbar sakandare kyauta a 2017 yaran zango suka shiga da yawan da ba a taɓa gani ba. Saboda haka yaro ko yarinyar da ke tafiya jami'a yau, sau da yawa shi ne na farko a gidansu tun daga kaka. Babu wanda ya taɓa zuwa balle ya faɗa mana abin da ake buƙata a can. Da muka tashi yin murna sai muka ɗauko tsarin shagulgulan da muka sani: aure, suna, saukar Alƙur'ani, dawowar alhaji daga Makka. Waɗannan duka bukukuwa ne na wanda ya isa inda za shi. Mai tafiya jami'a kuwa ko tasha bai kai ba. Gabansa akwai shekara huɗu, in likita ne shida, kuma kowane zangon karatu da nasa lissafin.

Za a ce mana ai gwamnati ta ɗauke nauyin. Gaskiya ne, tun 2025 gwamnati ta ɗauki biyan kuɗin karatun shekarar farko ga waɗanda suka shiga manyan makarantunta, kuma wannan sauƙi ne da ya kamata a gode. Amma kuɗin karatu daban, kuɗin ɗaki daban. Abinci, kuɗin mota, littattafai, buga takardu, data, duk suna wuyan gida. Shekara ta biyu kuma kuɗin karatun kansa zai dawo. Akwai asusun ba ɗalibai rance, wanda yanzu ba ya neman mai tsaya wa yaro in yana da katin ɗan ƙasa, sai dai kuɗin ba ya jiran yaro a bakin ƙofar makaranta ranar da ya sauka, akwai kuma gidaje cikinmu da ba za su taɓa shi ba saboda kuɗin ruwan da ke kansa. Duk yadda aka juya lissafin, wani babban kaso yana komawa kan dangi, wato kanmu, mu da muka zauna a rumfa.

Ɗakin kwana shi ne ramin da yawancin yaranmu ke faɗawa. Ɗakunan jami'ar Legon, irin su Commonwealth da Akuafo da Volta da Mensah Sarbah, ba sa ɗaukar duk wanda aka ba gurbi. A Kumasi ma haka ne, wanda bai samu Unity ko Africa ko sauransu ba sai ya fita Ayeduase ko Kotei ko Bomso ya nemi ɗakin haya na 'yan kasuwa, su kuwa yawanci kuɗin shekara suke so a dunƙule. Yaron da ya rasa duka biyu sai ya zama ɗan raɓe a ɗakin aboki, yana shiga da dare yana fita da asuba, kayansa a cikin jaka, karatunsa a ƙarƙashin bishiya. Wanda ya biya wa yaro ko da rubu'in kuɗin ɗaki ya ba shi abin da turaren duniya duka ba zai ba shi ba, wato wurin da zai rufe ƙofa ya buɗe littafi.

Bayan ɗaki sai kwamfuta. Yau rajistar darussa a intanet ake yi, aikin gida a intanet ake miƙawa, takardun darasi ma ta nan malami yake turowa. Ɗalibin injiniya ko na lissafin kuɗi da ba shi da kwamfutar tafi-da-gidanka, kullum yana layin aro, sai mai ita ya yi barci shi kuma ya fara aiki. A nan muna da magana da kawunnanmu da ke Jamus da Ingila da Bronx ta Amurka. Allah Ya saka muku da alheri, kuna tunawa da gida. Amma sabuwar iPhone da kuke aikowa, kuɗinta zai sayi kwamfuta mai kyau ta hannu a Circle, ya biya wani ɓangare na ɗaki, har a samu canji. Wayar tsada a hannun yaron da aljihunsa babu komai fitina ce iri biyu: ɓarawo yana binsa, abokai kuma suna ɗaukarsa ɗan mai kuɗi, shi kuma ya shiga wahalar riƙe sunan da ba nasa ba. Waya mai sauƙin kuɗi da ke riƙe caji ta ishe shi.

Sauran kayan ƙanana ne, kuma ƙanƙantarsu ce ta sa muke raina su. Wa zai tashi gaban jama'a, mai hoto yana haska shi, ya miƙa bokiti? Amma bokitin nan da shi za a yi wanka ranar da famfo ya ɗauke. Gidan sauro, kwado mai ƙarfi na akwati, fitila mai caji don daren da aka ɗauke wuta, dutsen guga, zanen gado biyu, kalkuleta irin wadda sashensa ya ce a zo da ita, farar riga ga mai shiga ɗakin gwaje-gwaje, takalmi rufaffe mai jure tafiya, domin harabar jami'a gari guda ce. Tukunyar lantarki ma tana da amfani, in an fara tambaya ko ɗakin da zai zauna sun yarda da ita. A walimar da muka ambata akwai wata tsohuwa, maƙwabciyarsu, mai sayar da koko da ƙosai a bakin layi. Ta zo da baƙar leda, ta ga irin kyaututtukan da ake ɗagawa sama ana shewa, sai kunya ta kama ta, ta zagaya ta bayan gida ta ajiye a madafa ba ta ce wa kowa komai ba. Garin rogo ne mudu biyu, da sukari, da gyaɗa soyayya, da kwalbar shito da ta soya da hannunta. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san abin da wannan leda take nufi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. A duk taron ita kaɗai ce ta kawo guzuri, ita kaɗai ce kuma ta ji kunyar abin da ta kawo. Wannan ya isa ya nuna inda muka karkata.

Akwai wata kyauta da ba a naɗe ta a takarda mai ƙyalli, kuma ta fi damun mu 'yan zango fiye da kowa: gyaran takardu. Mun san abin da ke faruwa idan mai suna irin namu ya je neman shaidar zama ɗan ƙasa, a tambaye shi garin kakansa, a sake tambaya, kamar ba a Nima ko Aboabo aka binne cibiyarsa ba. Tsofaffinmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba. Ga kuma rikicin rubuta suna: a takardar haihuwa Muhammad, a sakamakon jarrabawa Mohammed, a katin ɗan ƙasa an sa sunan kaka a wurin sunan uba. Irin wannan saɓani yana iya tsayar da rajista ko neman rance, gyaransa kuma yana cin kuɗi da kwanaki, da rantsuwa a gaban hukuma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan'uwan da ya san hanyar ofisoshi, ya ɗauki yini biyu ya zaga da yaro, ya daidaita sunansa, ya sabunta masa katin inshorar lafiya, ya buɗe masa asusu, ya yi masa hidimar da ta fi shadda. Haka wanda ya saya masa takardar neman gurbi tun kafin sakamako ya fito. Yara nawa muka sani da suka ci jarrabawa suka zauna shekara guda a gida don ba a sami kuɗin wannan takarda a kan lokaci ba?

Game da 'yan mata kuwa, laifinmu ya ninka. Yarinya ta samu gurbin karatun jinya ko lauya, sai gwaggonni su taru su kawo mata atamfa da leshi da kwanukan silba da kayan kwalliya, ana dariya ana cewa a ajiye, lokaci ya kusa. Ita ma ta ji saƙon sarai: karatun nan jira ne kafin miji ya fito. Sannan mu sallame ta zuwa garin da ba ta san kowa ba, da akwati cike da leshi, babu kuɗin abincin wata guda. Mun san irin motocin da ke tsayawa a ƙofar ɗakunan 'yan mata da yamma, mun san kuma wadda yunwa ta fi kamawa ita aka fi nema. In abu ya lalace mu ne na farko da za mu ce boko ya ɓata ta, ba za mu tuna da abin da muka sa mata a akwati ba. Wa'azin da uwa za ta yi wa 'yarta daren tafiya yana da kyau, amma ya fi zama a kunne idan yarinyar ta san ranar ɗaya ga wata wani abu zai shigo wayarta daga gida, ba sai ta roƙi kowa ba. Samarin ma ba su tsira ba. Yaron da ya rasa na abinci shi ne yake jefa ragowar sidinsa a cacar ƙwallo yana fatan ya ninka, ko ya ci bashin manhajojin waya da za su bi lambobin danginsa da zagi.

Mun san abin da za a mayar mana. Wasu za su ce kyauta daga zuciya take, ba a yi wa mai bayarwa ƙa'ida, addini ma ya kwaɗaitar da ita. Haka ne. Amma mu tambayi zuciyar da gaskiya: damin kuɗin da aka naɗe kamar furanni, don yaro aka naɗe shi ko don Facebook? Wanda ya naɗe shi ma sai da aka biya shi ladan aiki, Babban Bankin Gana kuma ya taɓa gargaɗi a daina yi wa takardun sidi haka. Da an sa kuɗin a ambulan, da yaron ya samu fiye da abin da ya samu. Darduma da Alƙur'ani kuwa ba mu da ja a kansu, lalle ɗan Musulmi ya tafi da su, kuma mahaifi ne ya fi dacewa ya miƙa su. Sai dai mutum a kan darduma ɗaya yake salla. Shidan nan shaida ce cewa mutum shida sun shiga kasuwa ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa me ya saya.

Iyayenmu mata suna da hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Biki bashi ne. Wadda aka kawo wa turmin atamfa ranar sunan ɗanta dole ta mayar da abin da ido zai gani, in ta tura kuɗi ta waya a ɓoye za a ce ba ta yi komai ba. To, ba mu ce a kashe biki ba, domin shi ne ya riƙe gidaje da yawa a zango lokacin da babu banki babu gwamnati. Abin da muke nema a canza shi ne abin da ake shela. Mai riƙe da lasifika da ke cewa Hajiya wance ta ba da leshi, ya koyi cewa Hajiya wance ta biya kuɗin ɗaki na wata uku, Alhaji wane ya ɗauki nauyin littattafan zangon farko, ƙungiyar matan layi ta sayi kwamfuta. A yi guɗa a kan wannan, a rubuta shi a littafin biki kamar yadda ake rubuta atamfa. Tunda muna son a gani, a ga abin da zai kai yaro gaba.

Akwai kuma masu cewa a bar mu mu yi murna, an daɗe ana kiran zango matattarar 'yan daba da 'yan bangar siyasa, yau da ɗanmu ya shiga jami'a dole duniya ta ji. Wannan magana tana taɓa mu, domin mu ma an yi mana wannan kallo. A yi addu'a, a ci abinci, a tara dangi, babu laifi. Amma samun gurbi ba ya rufe bakin mai zagi. Abin da ke rufe shi shi ne ranar da yaron ya fito da digiri, ya dawo asibitin unguwa da farar riga ko ya tsaya a kotu. A ajiye rumfuna ukun sai ranar. Mun ga yaran da aka yi wa gagarumar walima, bayan shekara ɗaya suka dawo gida shiru saboda kuɗi, kuma girman walimar ne ya hana su fitowa su ce a taimaka.

Mu da muka gaji adashi ba mu da uzurin rasa dabara. Mutum ashirin daga cikin waɗanda suka cika rumfar, in kowa ya ɗauki alkawarin sidi 50 a wata, sidi 1,000 ke nan duk wata, kuma babu wanda zai ji nauyinsa kamar yadda ya ji nauyin anko. A damƙa wa mutum ɗaya amintacce, ya riƙa tarawa yana turawa a rana tsayayya, yaro kuma ya riƙa turo sakamakonsa ƙarshen kowane zango, domin mai bayarwa yana da haƙƙin ya san inda ake. Kuɗin da aka ba ɗan shekara goma sha takwas a dunƙule ranar walima ba ya ganin wata na biyu. Ba don yaron banza ba ne, mu ma a shekarunsa da haka za mu yi.

Sannan mu farfaɗo da al'adar mai masauki, wadda da ita fatake suka ci kasuwar ƙasar nan. Baƙo ba ya sauka a gari sai da sunan maigidan da zai karɓe shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. Allah Ya sa kusan kowace jami'a tana da zango a gefenta: Madina tana kusa da Legon, zangon Ayigya yana maƙwabtaka da jami'ar Kumasi, Cape Coast tana da Kotokuraba, Tamale kuwa ba a magana. Wane ne cikinmu ba shi da ɗan'uwa ko abokin kasuwa ko tsohon ɗan makarantar allo a ɗaya daga cikin waɗannan wurare? Ka ɗaga waya ka ce ga ɗana nan zuwa, ka sa ido a kansa. Gidan da yaro zai je ranar Juma'a ya ci tuwo, inda zai yi buɗa-baki da azumi, inda za a kai shi in zazzaɓi ya kayar da shi da tsakar dare. A haɗa shi kuma da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantar tun makon farko, su nuna masa masallaci da inda ake sayar da abincin da zai ci hankali kwance. Wannan kyauta ko sidi ɗaya ba ta ci, amma a walimar nan ba mu ji wanda ya yi tayinta ba, har da mu.

Nan gaba kaɗan wani sakamakon zai fito, katunan gayyata za su fara yawo a WhatsApp. Kafin mu je wurin tela, mu je wurin uwar yaron mu ce ta nuna mana takardar gurbin da jerin kuɗaɗen da aka rubuta a ciki, mu tambayi yaron kansa me ya rage. Zai ji nauyi, zai ce babu komai, sai an sake tambaya.

Shi kuwa yaron unguwarmu ya tafi Kumasi. Firam ɗin yana rataye a falon mahaifiyarsa, shaddar tana cikin akwatinta ba a ɗinka ba, ta sayar da agogo ɗaya ta ƙara a kuɗin mota. Kuɗin ɗakin bai haɗu ba har aka rufe rajista. Da muka kira shi makon jiya ya ce lafiya lau, wani ɗan ajinsu ya ba shi wuri a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, yana shimfiɗa biyu daga cikin dardumomin yana kwana a kai.